Azumin Likita

Ranar da takardar kiran awon lafiya ta iso hannuna, nauyina kilo ɗari da goma sha takwas ne. Na san adadin daidai domin a kan sikelin kaya na hau, a ofishin da nake aiki kusa da filin jirgin Lome, inda muke auna akwatuna da buhunan 'yan kasuwa kafin a loda su. Abokan aikina suka taru suna dariya, ɗaya ya ce a manna mini lamba a tura ni tare da kayan Abijan. Na taya su dariyar, amma gabana faɗuwa yake yi.

Na riga na ci jarrabawar shiga makarantar koyon tuƙin jirgin sama, ta rubutu da ta baki. Guraben kaɗan ne, sunana kuma na ciki. Abu ɗaya ya rage, takardar likita mai cewa jikina ya dace da aikin. Kalma ɗaya ake nema a ƙasan takardar, da Faransanci, "apte", wato ya cancanta. In aka rubuta akasin haka, ko takardar ba ta isa ofishinsu ba ranar Juma'ar da suka yanke, gurbin ya koma hannun wanda ke biye da ni a jeri. Shekaruna kuma sun kai bakin iyakar da suke ɗauka, saboda haka babu maganar in sake gwadawa baɗi.

Wani da ya taɓa yin awon ya gaya mini ƙiba kaɗai ba ta kayar da mutum, sai dai tana sa likita ya buɗe ido. Akwai lissafin da suke yi da nauyi da tsawo, su fitar da lamba ɗaya da suke kira IMC. Da muka buga tawa, talatin da bakwai ta bayar. Ya ce in na haura talatin da biyar to za a bi ni gaɓa-gaɓa, sukari, hawan jini, zuciya, minshari, har kaurin wuya sai an sa masa igiyar awo. Wata uku ya rage mini kafin ranar.

A unguwarmu ta Zongo kuwa babu wanda ya taɓa kallon jikina ya ga matsala. Mahaifiyata, da muke kira Mma, shinkafa da wake take sayarwa a bakin titi tun kafin a haife ni, da taliya da dafaffen ƙwai da soyayyen wagashi, wato cukun nonon shanu, da wani yaji da ke sa direbobin manyan motoci su ajiye mota nesa su tako da ƙafa. Ni ne tallarta. In baƙo ya tambaya ko abincin na da kyau, sai matan da ke taya ta aiki su nuna ni da baki. Ni ne kuma ɗanta na fari, ita kuwa macen dā ce mai riƙo da kunyar ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunana ba. "Kai" nake, ko "wannan", in tana maganata da wasu kuma "mutumin nan". Ba ta yabona, ba ta tambayar abin da ke damuna. Ranar da na gama sakandare da sakamako mai kyau ba ta ce uffan ba, cinyar kaza biyu dai na tarar a kwanona. Ranar da muka dawo daga binne mahaifina ma kwano ta turo gabana ta juya. Duk abin da take son gaya mini da ludayi take faɗarsa, ni kuma na tashi ina gane yaren sarai.

Shi ya sa da na fara rage ci, a wurinta amsa mata magana na daina. Ta cika kwano, in ci rabi in mayar.

"Ba daɗi ne?"

"Da daɗi, Mma. Maganar likita ce."

"Likitan ya gan ka?"

"Bai gan ni ba tukuna."

"To wa ya ce ba ka da lafiya?"

Ina da saurin fushi, wannan kowa ya sani a gidanmu, yunwa kuma ta ƙara mini. Wata rana ta ɗora mini wagashi uku a kan shinkafa bayan na ce kada a sa, zuciya ta ɗebe ni na ce, a gaban matan da ke taya ta, abincin nan ne zai hana ni tashi sama. Ba ta kalle ni ba. Ta ɗauki kwanon, ta rufe shi da faranti, ta ajiye a gefe, ta ci gaba da sallamar masu saye. Har yau in na tuna ƙarar farantin nan a bakin kwano sai na ji kunya ta rufe ni.

Na daina hawa zemijan, baburan hayarmu na Lome. Kullum da sassafe sai in taka daga Zongo har kasuwar Agoè-Assiyéyé in dawo, gumi na zuba, masu baburan suna bi na da hon suna tambaya ko mai ya ƙare mini. Na bar koko, na bar burodi da madara, na bar lemon kwalba. Maƙwabta suka fara tare ni a hanyar masallaci suna cewa, "Lafiya kuwa? Ka faɗa." Wata tsohuwa har gida ta zo ta ba Mma shawara a nema mini rubutun sha. Ana saura kwana uku na sake hawa sikelin kaya, ya nuna ɗari da tara. Na buga lissafin sau uku, talatin da huɗu da 'yan kai. Na tsallake layin da ƙyar, amma na tsallake.

A jikin takardar kiran akwai layi ɗaya da na karanta ya fi sau ashirin, cewa a zo ranar Litinin da ƙarfe bakwai na safe, "à jeun". Ni mutum ne mai taƙama da Faransancinsa. Ni nake rubuta wa rabin layinmu wasiƙun hukuma, ni nake raka tsofaffi ofisoshi in yi musu tafinta. Amma ban taɓa kwanciya asibiti ba, ba a taɓa ɗibar jinina ba. Kalmar azumi a Faransanci kuwa kusan haka take, harafi ɗaya ne da ɗan ƙugiya a sama suka raba su, ita muke gaya wa abokan aikinmu Kiristoci duk watan Ramadan in sun miƙo mana ruwa. Idona ya ga kalmar, kaina ya fassara ta azumi, magana ta ƙare. Ban tambayi kowa ba, domin a ganina ni ake tambaya.

Ranar Lahadi bayan magariba na ce wa Mma, "Gobe ne awon. Sun ce in je da azumi a bakina."

Wata uku rabon da in ga fuskarta ta saki haka. Ta ce, "Litinin ce ai. Ashe mutanen nan sun san abin da suke yi. Ni ma zan ɗauka." Sannan ta ƙara, tana kallon murhu, "Sai ka tashi sahur."

Kafin kiran asuba ta buga ƙofata. Na fito na tarar da tabarma a tsakar gida, an jera koko mai kauri da sukari da madara, ƙosai mai zafi, shinkafa da wake da man da ya kwanta a kai, wagashi, da dabino a ƙaramin faranti.

"Mma, wannan ya yi yawa."

"Yau ba maganar likita ba ce, sahur ne. Albarka ke cikinsa. Ko shi ma gardamar za ka yi?"

Zan iya cewa biyayya ce ta sa na ci, kuma akwai ta a ciki. Amma gaskiya yunwar wata uku ce ta zauna a kan tabarmar nan. Abin da kawai na lissafa shi ne sikeli, na ce ci ɗaya ba zai mayar da ni talatin da biyar ba. Na sha koko kofi biyu, na share ƙosai, na shiga shinkafar. Ita kuwa ruwa ta sha da dabino uku, tana zaune nesa kaɗan, tana yi kamar ba ni take kallo ba. Da ladan ya yi kira na ɗaura niyya, na tashi da nauyin ciki da sanyin zuciya, ina ganin mun shirya ni da ita.

Ƙarfe bakwai saura ina asibitin da aka amince wa yin awon matuƙa jirgi. Aka miƙo mini takarda mai tambayoyi. Akwai wurin da aka rubuta "à jeun", da akwati biyu, na e da na a'a. Na cika na e da ƙarfin hali. A ƙasa akwai layin da ke cewa duk wanda ya faɗi abin da ba haka ba, awonsa ya rushe kuma ana iya hana shi sakewa. Na sa hannu a ƙarƙashinsa har da ƙawata wutsiyar sa hannun.

Nas ɗin da ta karɓe ni mace ce mai kimanin shekara arba'in da wani abu, da ɗankwali a ƙarƙashin hular aikinta, ba ta da yawan magana. Ta ɗebi jini kwalba uku. Ta ɗora ni a sikeli, ɗari da tara da ɗigo shida. Ta auna tsawona, ta danna na'urar lissafi, ta rubuta talatin da huɗu da ɗigo shida. Ta zagaya wuyana da igiyar awo irin ta tela, ta rubuta. Daga nan aka shiga ido, haruffa manya da ƙanana, da littafin nan mai ɗige-ɗigen launi da ake ɓoye lamba a ciki. Aka sa ni a wani ɗan ɗaki aka toshe mini kunne ina danna maɓalli in na ji ƙara. Aka manna mini wayoyi a ƙirji. Awon hawan jini na farko ya ɗan hau, ta ce in kwanta minti goma in daina tunani, na biyu ya sauko. Komai na tafiya, har na fara tsara yadda zan shiga Zongo da takardar a hannu.

Sai aka zo fitsari. Ta ba ni 'yar roba, na shiga na fito da ita wayam. Ta cika kofi da ruwa ta miƙo mini, ta ce da Faransanci an riga an ɗebi jini, yanzu ina iya sha.

Na ce, "Na gode, ina azumi."

Ta tsaya da kofin a hannu. Ta dube ni, ta dubi adireshina a kan takarda, sai ta juya harshe zuwa Hausar Zongo. Ashe 'yar garin Sokode ce, Musulma.

"Ɗan'uwa, azumin me?"

"Ba ku kuka rubuta a zo da azumi ba?"

Ta ajiye kofin a hankali. "Ka yi sahur?"

Ta ga amsar a fuskata. A daidai lokacin ne kalmar ta warware a kaina, na ga abin da take nufi tun farko, wato ciki wayam tun daren jiya, ba azumin da na sani ba.

"Ƙarfe nawa? Me ka ci?"

Na fara lissafa mata, da na kai koko kofi na biyu ta ɗaga hannu. Ta ce, "Bon. Saurara. Jinin nan ya riga ya tafi, ba na iya dawo da shi. Kafin azahar sakamako zai hau wurin Docteur. Da jikin nan naka, in ta ga sukarin da za ta gani, ciwon sukari za ta rubuta. Kuma ga hannunka a nan ka ce ba ka ci komai ba." Ta ɗora yatsa a kan sa hannuna. "Ni ba zan ɓoye mata ba in ta tambaye ni. Amma gara ta ji daga bakinka. Sha ruwan nan, azumin nafila ne, Allah ya ga niyyarka."

Na sha. Ban taɓa shan ruwan da ya yi mini ɗaci irin wannan ba.

Awa uku na yi a kan bencin da ke ƙofar likita. In na yi shiru, lamba za ta ce ina da ciwon sukari, a shiga binciken watanni, Juma'a ta wuce. In na yi magana, ga sa hannuna a ƙarƙashin abin da ba gaskiya ba, ga kuma mutumin da ke son a damƙa masa jirgi cike da rayuka ya kasa karanta kalma biyu. Jirage na tashi daga filin da ke kusa, gilashin taga na rawa, kowanne ya wuce sai in ji kamar da ni yake. Na fara jin haushin Mma da kokonta. Na koma jin haushin Faransanci da masu shi. Daga ƙarshe haushin ya dawo inda ya dace, ya zauna a kaina. Ƙarƙashin haushin kuma akwai tsoron da ban taɓa furtawa ba. Mahaifina mai jiki ne kamar ni. Shekarunsa na ƙarshe buta ba ta rabuwa da gefensa saboda ƙishirwa, kuma wani gyambo a ƙafarsa ya ƙi warkewa har ya rasu. Babu wanda ya sa wa ciwon suna a gidanmu. Na zauna ina tunanin wataƙila ba kokon ba ne ma.

Likitar dattijuwa ce, 'yar ƙabilar Ewe, da furfura a gaban kai da tabarau rataye da igiya. Tana buɗe fayil ɗina na ce, "Docteur, kafin ki karanta, akwai abin da zan faɗa."

Ta ɗago. Na faɗa, da Faransancin nan nawa da nake taƙama da shi, yau ga shi yana tuntuɓe. Ba ta yi dariya ba, na ma fi son a ce ta yi. Ta jawo farar takarda ta ce in lissafa abin da na ci ɗaya bayan ɗaya. Ta rubuta koko, ta tambayi kofi nawa. Ta tambayi sukari cokali nawa, na ce mahaifiyata ce ta zuba. Ta rubuta ƙosai, shinkafa, wake, wagashi, dabino. Sannan ta juyo da sakamakon ta nuna mini lambar sukarin da aka zagaye da jan biro, ta ce masu gwajin ma sun aiko da tambaya, domin ruwan jinin ya yi fari-fari a sama kamar an ɗiga masa madara.

"Wannan hannunka ne?" Ta nuna sa hannun.

"Nawa ne."

"Akwai mai ciwon sukari a gidanku?"

Na so in ce babu, domin ba a taɓa cewa akwai ba. Na gaya mata maganar buta da gyambon. Ta rubuta wannan ma.

Ta cire tabarau ta ce, "Monsieur, ba kokon ne ya dame ni ba. Ka ga kalma, ka ɗauka ka san ta, ba ka tambayi kowa ba. A aikin da kake nema, irin wannan ne ke kashe mutane."

Raina ya ɓaci, amsa ta taso har bakina, irin wadda na saba mayarwa. Na danne ta da haƙora, domin gaskiya ta faɗa. Ta daɗe tana juya biro a hannu. Can ta ja layi a kan akwatin da na cika, ta ce in rubuta da hannuna abin da ya faru in sake sa hannu.

"Da ka yi shiru, da abin da lambar ta ce zan rubuta. Ka dawo Alhamis ƙarfe bakwai. Daga ƙarfe takwas na daren Laraba babu abin da zai shiga bakinka sai ruwa. Maimaita mini."

Na maimaita kamar ɗan aji ɗaya.

"Za mu ba ka ruwan sukari mu ga yadda jikinka zai yi da shi. Akwai kuma wani gwajin da ke nuna sukarin wata uku, shi ci ɗaya ba ya ɓata shi, yunwar kwana ɗaya ba ta ɓoye shi. In lambobin Alhamis suka yi kama da na yau, ba ruwana da sahur."

Na isa gida da la'asar. Mma na zaune a inuwa tana tsince wake, leɓɓanta sun bushe da azumin da ta ɗauka domina, ni kuwa na riga na karya nawa.

"An gama?"

"Sai Alhamis."

"Wani azumin?"

"Nasu daban ne, Mma. Ba a sahur."

Hannunta ya tsaya a cikin waken. "Na yau fa?"

"Na yau ya lalace."

"Me ya lalata shi?"

Na yi niyyar kada ta sani. Amma idona ya ci amanata, ya tafi kan tukunyar kokon da ke kife a gefen murhu. Ta bi idona da kallo. Na yi sauri na ce laifina ne, ni na karanta ba daidai ba, ita ba ta yi komai ba. Ta ce, "To." Ta ci gaba da tsince wakenta.

Talata da Laraba ba ta ajiye mini kwano ba. Ɗaya daga cikin matan da ke taya ta take aikowa ta tambaye ni me zan ci, kuma yaya yawansa. Tun da nake ba a taɓa tambayata abin da zan ci a gidan nan ba. Na gwammace ta zage ni. Na ci ganye da kifi a ɗakina ni kaɗai, ina jin muryarta a waje tana sallamar mutane, ina lissafin awannin da suka rage.

Ranar Alhamis da na fito alwalar asuba, gidan babu hayaƙi, babu ƙamshin komai. Macen da kullum wutarta ke riga ladan tashi, yau murhunta a mace, alhali nan da awa biyu direbobi za su yi layi a bakin titi. Tana zaune a kan tabarmar salla da carbi.

"Mma, ba ki hura wuta ba?"

"In ka fita."

"Kin yi sahur?"

"Na likitan na ɗauka."

Na yi salla, na fita da ciki wayam, na bar ta ita ma haka.

Nas ɗin nan ta tare ni da tambaya tun daga ƙofa, da Hausa, ko an yi sahur yau. Na ce ko ƙamshinsa ban ji ba. Ta ɗebi jini, sannan ta miƙo mini babban kofi na ruwan sukari mai kauri, ta ce in shanye cikin minti biyar, in zauna awa biyu ba yawo. Ta ce in na yi amai an rushe, sai wata rana. Ni kuwa ba ni da wata rana. Zaƙin ya wuce misali, yana sauka cikin da babu komai ya fara juya mini. Wajen rabin awa yawu ya cika bakina, gumi ya keto mini, na riƙe bakin benci da hannu biyu ina haɗiyewa, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Nas ɗin ta wuce ta ajiye bokiti kusa da ƙafata. Na kawar da kai daga bokitin, na kafa wa agogon bango ido har awa biyun suka cika.

Sai ƙarfe uku likitar ta kira ni. Ta jera takardun a gabanta tana bin su da biro, layi-layi, ba ta gaggawa. Ta tambaye ni ko ina minshari, ko barci na ɗauke ni da rana, ko ina tashi da ciwon kai. Ta sake auna hawan jinina da kanta. Ta sa ni na durƙusa na miƙe, na juya, na miƙa hannu baya, ta ce kujerar matuƙi ba ta da faɗi. Duk wannan ba ta gaya mini abin da jinin ya ce ba, ni kuma tsoro ya hana ni tambaya.

Daga baya ta ce, "Ba ka da ciwon sukari. Yau. Amma a bakin ƙofarsa kake tsaye, lambar wata ukun ta nuna haka." Ta jawo takardar shaidar ta fara rubutu. Daga inda nake zaune ina ganin kan biron yana tafiya a juye. Harafi huɗu ta rubuta, na ƙirga su. Ta ƙara layi biyu a ƙasa, cewa in dawo bayan wata shida a sake gwajin, kuma nauyin ya ragu, in ba haka ba takardar ta faɗi. Ta buga hatimi.

"Wa ke dafa maka abinci?"

"Mahaifiyata."

"To ka gaya mata abin da na gaya maka, duka. Har da maganar mahaifinka."

Ban jira Juma'a ba. Na tare zemijan na farko da na gani, muka kutsa cunkoson gari, na miƙa takardar ana shirin rufe ofis, na karɓi shaidar karɓa. Sannan na kama hanyar Zongo.

Na tarar da ita a gindin murhu, magariba ta kusa. Na durƙusa nesa kaɗan kamar yadda na saba, na ce, "An ce na cancanta."

Ta ce, "Alhamdu lillahi," tana kallon tukunya.

Na so in tsaya a nan. Amma na gaya mata sauran, wata shida, da ƙofar da aka ce ina bakinta, da butar Baba da ƙafarsa. Ban taɓa yi mata magana mai tsawo haka ba. Ba ta katse ni ba, ba ta kuma juyo ba, sai dai na ga ta daina juya miyar.

Ladan ya yi kira. Ta kurɓi ruwa, ta yi addu'arta a hankali. Sannan ta miƙa hannu ta ɗauko kwanona, babban nan da nake ci a ciki tun ina sakandare, wanda kwana uku ba a taɓa shi ba. Ta tsoma ludayi ta ɗebo shi cike har yana zuba, kamar kullum. Ta kai shi bakin kwanon ta tsaya. Ta mayar da ludayin kan tukunya, ta karkata shi, rabi ya koma, ta zuba mini sauran. Ta ɗauki wagashi ɗaya, ta raba shi biyu da yatsa, ta ɗora ɓari guda a kai.

Ta turo kwanon gabana ta ce, "Kai, ci."

Hawaye suka cika mini ido, na sunkuyar da kai don kada ta gani, ita ma ta juya tana neman butar alwala. Na cinye tas, ban ƙoshi ba, kuma ban nemi ƙari ba.